Daga Bakin Kwara: Ranar Da Gizaka Ta Tada Unguwa

Masu yankan shinkafa a fadama da masu shirin dashen albasa, Allah ya sa wa guminku albarka, amin. Wannan watan mun ajiye maganar kasuwa da ta kan iyaka a gefe, domin wata 'yar halitta da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba ta kusa raba wasu maƙwabta biyu da suka haura shekara 30 suna gaisawa ta kan danga. Mun ga ya kamata mu kawo muku labarin, saboda abin da ya faru a unguwarsu yana iya faruwa a gidan kowannenmu, daga nan Malanville har Garou, Madecali, Guene da Karimama.

A bayan gari, ta hanyar da ake bi a gangara bakin ruwa, akwai lambun wani dattijo, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Mushe. Bahaushe ne, kakanninsa fatake ne da suka sauko daga ƙasar Kabi suka zauna nan. Lambun nasa ba irin na kowa ba ne. Rabi ya ja fangula ya shuka tumatir, yalo, kuɓewa da latas, ɗaya rabin kuwa ya bar shi yadda Allah ya so. Akwai mangwaro uku, da tsohuwar tsamiya guda, da magarya, da dogon yaro, ciyawa kuma ba ya nome ta sai dai ya rage mata tsawo. Ya binne tsohuwar randa ya cika ta da ruwa domin tsuntsaye, ya ɗaura amya biyu a kan tsamiyar. Tun da ya kafa lambun bai taɓa shigar da maganin feshi na kanti ba. Masu yi masa ba'a suna cewa Mushe ya buɗe wa ƙwari lakwal, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai waɗannan almajiran sun fi na da jin magana.

Wata ranar Laraba da la'asar, jikar maƙwabcinsa, yarinya 'yar shekara 7, ta bi ɗan akuyarsu da ya tsinke ya tsallaka danga. Maƙwabcin nan Alhaji ne daga cikin 'yan'uwanmu Dandawa, mai fataucin albasa. Yarinya ta sunkuya ƙarƙashin reshen mangwaro za ta kamo ɗan akuya, sai aka ji ta kurma ihu. Kafin a kai ta gida damtsenta ya yi jawur, ya tashi rudu-rudu a jere kamar an zane ta da tsumagiya. Uwarta ta ce kunama ce. Kakarta ta ce ina, ai kowa ya san tsamiya ba ta rasa masu ita, kuma la'asar sakaliya ba lokacin zuwa gindinta ba ne. Wata maƙwabciya ta kawo kananzir ta murza mata, sai raɗaɗi ya ƙaru. Daga ƙarshe dai aka ɗauke ta a babur aka kai ta likita, aka wanke wurin, aka ba ta ƙwaya da man shafawa. Da gari ya waye kumburi ya sace, sai ƙaiƙayi da ya sa ta kwana uku tana susa.

Yarinya ta samu sauƙi, amma magana ba ta kwanta ba. Washegari samarin unguwa suka taru a bakin danga, ɗaya riƙe da gatari, ɗaya goye da famfon feshi da wata kwalba marar takarda da ya ce maganin auduga ne. Wasu na cewa a sare itatuwan, wasu na cewa a feshe lambun har ciyawarsa. Har an fara jin irin maganganun nan da ba mu so, na "ku baƙi" da "mu 'yan ƙasa", alhali kuwa Mushe a garin nan aka yanke masa cibiya. Sai dattijon ya fito ya tafi har zauren Alhaji, ya tuɓe takalmi, suka gaisa, ya ce: "Alhaji, jikarka jikata ce, abin da ya taɓa ta ni ya taɓa. Amma ina roƙon arziki, kafin a sa gatari a zo mu ga ɓarawon da idonmu. In ya tabbata sai an sare, ni zan fara kai sara." Alhaji ya ce, "Malam, ba komai, tashi mu je mu gani."

Mu ma an kira mu, mun je. Da Mushe ya sa sanda ya juya ganyen reshen da yarinyar ta goga, sai ga su a manne a bayan ganye, sun kai 20, kore shar, gajeru masu faɗi, ba a ko ganin ƙafafunsu. Kowacce tana da tuntayen ƙaya sirara a jere a gadon bayanta da gefunanta. Mutum zai wuce su sau goma bai lura ba, domin launinsu da na ganyen ɗaya ne. Ashe ba kunama, ba kuma mutanen ɓoye. Gizaka ce, ko kuwa a ce ƙanwar gizaka, tun da wadda muka fi sani ita ce mai gashi buzu-buzu da ke rarrafe a bango da damina.

To, mece ce ita wannan aba? Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa haɗa gizaka da malam-buɗe-littafi ba, alhali kuwa 'ya da uwa ne. Rayuwarsu hawa huɗu ce. Uwar takan saka ƙwai a bayan ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, wadda ba ta da aiki sai ci, tana yi tana saɓa kamar maciji har ta girma. In ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta ɗan ɗaki ta shige ta kwanta. Daga nan sai ta fito da fukafukai. Masana sun ƙirga sama da iri 150,000 na wannan dangi a duniya, kuma mafi yawansu na dare ne, wato waɗannan masu ruwan toka da ke zagaya fitila, ba masu adon nan da muke gani kan furanni da rana ba. Gizaka masu harbi kusan duk 'ya'yan na daren ne, kuma a cikin wannan tarin yawa ƙalilan ne ƙwarai suke iya cutar da mutum.

Masu cutarwar kashi biyu ne. Kashi na farko su ne masu ƙaya irin na lambun Mushe, waɗanda masana ke kiran gidansu Limacodidae. Ƙayar tasu kamar allurar likita take, da rami a cikinta da ɗan dafi a gindinta. Da ta taɓa fata sai tsinin ya karye, dafin ya shiga, shi ya sa zafin yake zuwa nan take. A kudu, inda ake manyan gonakin kwakwar manja, wasu daga cikin wannan gida sukan yi yawa har su tsige ganyen gona. Ɗakin da suke saƙawa ɗan dunƙule ne mai tauri kamar ƙwallon magarya, manne a jikin reshe ko a gindin itace.

Kashi na biyu su ne masu gashi. Sau da yawa ba dogon gashin da ido ke gani ne mai laifin ba. Akwai wani ƙanƙanen gashi kamar ƙura, mai ƙugiyoyi, wanda yake kakkarye iska ta kwashe shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin iska a masussukar gero ya san abin da muke nufi. Saboda haka mutum yana iya tashi da borin jiki bai ko ga gizakar ba: ya ishe shi ya sa rigar da aka shanya a gindin itacen, ko ya kwanta a tabarmar da aka shimfiɗa a inuwarsa. Saɓar da suka yar da tsohon gidansu kuma suna riƙe wannan gashi wata da watanni bayan masu shi sun tashi. Kada kuma a haɗa su da hangara, wadda ke zuwa wa fitila lokacin da gero ke fure. Ita ƙwaro ce mai fiffike, ruwan jikinta ne ke tada bororo kamar ƙuna in an murƙushe ta a fata. Duk cikinsu dai babu mai farautar mutum. Makamin nasu na kare kai ne daga tsuntsu da ƙadangare, mu ne ke kai kanmu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, mu Hausawa mun daɗe muna cin arzikin gizaka mai ƙaiƙayi. Duk wanda ya taɓa ganin babbar riga ta da, mai aska takwas ko aska biyu, wadda aka yi wa aiki da zaren tsamiya, to ya ga aikin gizaka. Zaren nan ba jikin itace ke ba da shi ba. Wasu tsutsotsi ne da masana ke kira Anaphe da Epanaphe, masu cin ganyen tsamiya da doka da wasu itatuwan daji. Suna tafiya a jere, kan wannan a wutsiyar waccan, kamar ayarin fatake, in kuma lokacin kwanciyarsu ya yi sai su taru da yawa su saƙa gida ɗaya. Mutanen karkara su tsinto gidajen su kai kasuwa. Mata su dafa su da ruwan toka domin danƙon ya narke, a wanke gashin mai ƙaiƙayi ya fita, a shanya, a kaɗa da mazari kamar auduga. Da wannan zare maɗinkan Kano, Zariya da Bida suka yi wa sarakuna da attajirai riguna, Yarbawa kuma suka saƙa tufar da suke kira sanyan, wadda suke sa ta a sahun gaba cikin kayansu na biki. Ɗaya daga cikin tsutsotsin nan ma Turawa sun laƙaba mata sunan Alfred Moloney, wanda ya yi gwamnan Ikko daga 1886 zuwa 1891.

Akwai kuma masu shiga tukunya. Wanda ya je Bobo-Dioulasso ta ƙasar Burkina Faso da damina zai ga tsutsar kaɗanya, wadda suke kira shitumu, ana soya ta ana sayarwa, wata kuma a busar a ajiye. Amma ba kowace ake ci a kwana lafiya ba. A ƙasar Ijesha ta kudu maso yammacin Nijeriya an daɗe ana ganin wata cuta da damina, mutum ya ci abinci, bayan 'yan sa'o'i ya kama kakkarwa da tangaɗi kamar mashayi. A 1993 wani likitan Nijeriya mai suna Bola Adamolekun ya danganta ta da cin wata tsutsa ta gidan Anaphe, a 2000 kuma bincike ya nuna cewa tana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jikin mutum. Kun ga ke nan gida ɗaya ya ba mu zaren ado, ya ba mu ƙaiƙayi, ya kuma ba wasu cuta. Sanin wacce ce wacce shi ne magana.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Faransa akwai 'yan'uwan tsutsar tsamiyarmu na kusa, masu tafiya a jere su ma, waɗanda gashinsu ke sa yara borin jiki da ciwon ido, kare kuwa in ya lashe su har yakan rasa wani yanki na harshensa. A watan Afrilu na 2022 gwamnatin ƙasar ta sa iri biyu daga cikinsu a jerin halittu masu cutar da lafiyar jama'a. Amma ba sare dazuzzukansu suka yi ba. Suna cire gidajen tsutsar, suna ɗaura tarko a jikin itace, suna kuma rataya wa wasu ƙananan tsuntsaye akwatunan sheƙa domin su zauna su cinye ta. A Ingila an fara ganin ɗaya daga cikinsu a yammacin Landan a 2006, ta shigo ne a jikin dashen itatuwan da aka sayo daga waje. Mafi haɗari a duniya ita ce Lonomia ta Amurka ta Kudu, wadda dafinta ke hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar jini ta ciki. Tun daga 1989 ta yi ta kwantar da mutane a kudancin Barazil, wasu suka rasu, har cibiyar Butantan ta birnin Sao Paulo ta haɗa mata allurar karya dafi a shekarun 1990. Mu gode wa Allah, wannan ba ta ƙasashenmu ba ce. Namu zafi ne da ƙaiƙayi, sai fa in an yi sakaci ko an ƙara musu da maganin da ba nasu ba.

Wani masanin ƙwari Bafaranshe mai suna Jean-Henri Fabre ya taɓa ɗora irin masu jerin nan a bakin wata tukunyar fure, ta farko ta haɗu da wutsiyar ta ƙarshe. Haka suka yi ta zagaye har kusan kwana 7, kowacce na bin ta gabanta, ga abinci a kusa ba wadda ta kauce. Da muka ga samarin nan a bakin danga, kowa na maimaita abin da na gabansa ya faɗa, sai wannan labari ya faɗo mana a rai.

Yanzu ga abin da ya kamata kowace uwa da kowane mai lambu ya riƙe. In gizaka ta hau jikin yaro, kada a mare ta, kada a kama ta da hannu. A sa ɗan kara ko ganye a ture ta. Kada a murza wurin, kada a bari ya sosa, domin murza ita ke ƙara cusa ƙayar cikin fata. A samo salatif ɗin nan da ake liƙe kwali da shi, a manna a wurin a ɗaga a hankali, a sake da sabo sau uku ko huɗu, zai kwashe abin da ido ba ya gani. Sannan a wanke da ruwa da sabulu. A sa ƙanƙara cikin tsumma, ko tsumma mai ruwan randa, a ɗora na kamar minti 10 zuwa 15. A tuɓe rigar da ke jikinsa a wanke ta ita kaɗai da ruwan zafi. In ƙaiƙayi ya hana barci, a je wurin ma'aikacin lafiya ya ba da ƙwayar ƙaiƙayi da man shafawa daidai da shekarun yaron.

Kananzir, man fetur, ruwan batir, tsaga da reza, duk waɗannan ba su cire ƙaya, sai dai su ƙara ƙuna a kan ƙuna. Akwai kuma halin da ba a jira. In gashin ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, kada a murza, kada a ɗiga komai na gargajiya, a tafi likita ranar, domin gashin yana iya nutsewa cikin ƙwayar ido ya bar lahani. In yaro ya sa ta a baki, ko leɓe da fuska suka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko ya ce jiri yake ji, to a bar duk abin da ake yi a ɗauke shi nan take, ko da tsakar dare ne. Mai ciwon asma da jariri su aka fi yi wa tsoro. Haka nan in bayan kwana biyu wurin ya ƙara ja, ya yi zafi, ya fara ruwa, to susa ta jawo wani ciwon, shi ma sai likita.

Sai mu dawo kan kwalbar nan marar takarda, domin a ganinmu ta fi gizakar haɗari nesa ba kusa ba. Mu mutanen Alibori, ƙasar auduga, bai kamata a tuna mana ba. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000 aka dawo da wani magani mai suna endosulfan gonakin auduga, saboda tsutsar auduga ta daina jin magungunan da aka saba. A wannan kaka kaɗai, hukumar aikin gona ta CARDER ta ƙirga mutum 37 da suka rasu ta dalilinsa a tsohuwar jihar Borgou, wadda a da ta haɗa har da yankinmu. Da yawansu ba a wurin feshi suka gamu da ajalinsu ba. Abincin da maganin ya taɓa ne: masara da ganye daga gonar da aka fesa, hatsin da aka adana da shi, jarkar da aka ɗauraye aka zuba ruwan sha. Gwamnatin Benin ta hana shi a 2008, a 2011 kuma ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin gubar da za a daina yi ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Amma darasin yana nan. Kwalbar da ba ta da takarda, ba wanda ya san abin da ke cikinta, har shi mai sayarwar. Maganin auduga ba a yi shi domin mangwaro ko latas ɗin da za a tsinka gobe ba. Lambun Mushe kuma gangarensa kogi yake kallo, ruwan farko da zai sauka zai kai saƙon wurin kifin da masuntanmu ke kamawa mu saya mu ci. Da an yi feshin nan, da jikar Alhaji da ta tsira da kwana uku na susa ita za ta fara tsintar abin da ya faɗo daga itacen.

Bayan haka, feshin kan-mai-uwa-da-wabi yana kashe ma'aikatan da ba mu biya ko dala. Wa bai san zanzaro ba, mai ginin laka a kusurwar ɗaki? Tun muna yara ake ce mana ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya mai da ita ɗansa. Gaskiyar ita ce ƙwai yake sakawa a cikin ɗakin, ya harbo tsutsotsi ya sumar da su ya cusa, domin ɗansa in ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci. Rina ma tsutsa take ciyar da 'ya'yanta. Ga cilakowa, ga ragon maza, ga hawainiya da ƙoƙi-ƙoƙi, ga jemage da ke kama iyayen da dare. A gonakin mangwaro na Borgou, binciken da aka buga a 2007 ya nuna cewa itatuwan da jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye suka yi yawa a kansu sun fi tsira daga ƙudan da ke ruɓar da mangwaro. A ƙetaren kogi kuma, tun wajen 2006, masanan cibiyar INRAN ta Nijar da abokan aikinsu suke raba wa ƙauyukan ƙasar Maradi da wasu jihohi 'yan buhunan da ke ɗauke da wata ƙanƙanuwar rina, wadda ke kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero, ba tare da ɗigon guba ba. Tsutsar masara kuwa, wadda aka fara gani a Afirka a farkon 2016, kuma masanan cibiyar IITA da ke kusa da Kwatano suka tantance ta, ba ta harbin kowa, amma ta fi duk gizakar da ke Alibori cin dukiyarmu. Ita ma tana da maƙiyanta a cikin ƙwarin nan da muke feshewa.

Ga yadda aka ƙare a lambun Mushe. Da sassafe, kafin iska ta tashi, shi da biyu daga cikin samarin nan suka sa riguna masu dogon hannu, suka ɗaure hannuwansu da leda, suka yanke rassan da tsutsar take kai, suka tsoma su a bokitin ruwan sabulu, daga baya suka haƙa rami suka binne. Ba su ƙona ba, domin hayaƙi da iska na iya watsa gashi a unguwa. Suka kankare 'yan dunƙulen da suka samu a jikin itacen. Suka rage duk reshen da ya sauko daidai kan yaro. Mushe ya daka rabin kilo na ƙwallon dogon yaro, ya jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, ya tace, ya fesa wa mangwaron nan guda da yamma bayan zuma ta koma amya. Wannan ruwa yana hana ƙananan tsutsotsi ci da girma. Famfon da aka zo da shi domin guba, shi aka wanke tas aka yi aikin da shi. Alhaji ya aiko da dirkoki aka gyara danga, aka sa ƙyaure. Matan gidajen biyu kuma suka ɗauke igiyar shanya daga inuwar itace suka mai da ita fili. Tsamiya tana nan tsaye. Kakar yarinyar dai har yau ta ce ita ba ta yarda ba, gizakar ma ai aiko ta aka yi, amma ita da kanta ta aiko a ɗebo mata tsamiyar kunu in ta nuna.

Mushe ya ajiye guda ɗaya a cikin kwalba mai hujin iska, yana sa mata ganye har ta saƙa ɗakinta ta shige. Yanzu kullum bayan an taso daga lakwal yaran unguwa sai sun biyo su leƙa ko ta fito, jikar Alhaji ce ma ke kan gaba, ita ke gargaɗin ƙanana kada su taɓa kowace tsutsa mai gashi ko mai ƙaya.

Jama'a, kiranmu a nan guda uku ne. Mu koya wa yaranmu abin da za su gani su janye hannu, da abin da za a yi in tsautsayi ya faɗa. Mu daina sayen magani a kwalbar da ba ta da suna, in kuwa ƙwari sun fi ƙarfinmu mu nemi malamin gona ya zo ya gani da idonsa. Na uku kuma, mu da muke 'yan kaɗan a ƙasar nan, in wani abu ya taso tsakaninmu da maƙwabci, mu riga shaiɗan isa zaurensa, kamar yadda Mushe ya yi. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma rigakafi ya fi magani.

Wanda ya san wani sunan da ake kiran irin wannan koriyar tsutsa a garinsu, da Hausa ko da Dandanci ko da Fulatanci, ko kuma akwai tsohuwar da ta iya kaɗa zaren tsamiya a gidansu, muna roƙo ya aiko mana da wasiƙa domin mu ƙaru, mu kuma ƙarar da sauran masu karatu. Allah ya kiyaye mana zuriyarmu, ya ba mu rani mai albarka. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.